Hoton Nahum a Kalandar Ƙungiya

Kurmin Tsauni,
9 ga Satumba, 2023

Yaya Dakta Nahum,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da aiki, da zaman baƙunta. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwar Baba Noah da ya ƙi sakinsa, da cutar da ta faɗa wa citta bana. Gonata ta ruɓe tun tana cikin ƙasa.

Wataƙila ba za ka gane ni da suna ba. Ni ce Lai'atu, 'yar Gabriel mai gyaran keke, wanda kakarsa da kakan marigayiya Mama, mahaifiyarka, uba ɗaya suke. Ranar da aka yi maka rakiya zuwa Malesiya ni na dafa shinkafar, wadda gishiri ya yi wa yawa, in ka tuna. Mijina ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar ni da yara uku.

Na rubuta a takarda na ɗauki hoto na turo, domin an ce ba ka ɗaukar waya, kuma ina jin nauyin yi wa Dakta Turanci. Malaminmu na darasin wasiƙun kasuwanci ya ce a riƙa shiga magana kai tsaye, to ga ta.

Ƙungiyar ci gaban ƙabilarmu ta buɗe kwaleji a tsohon ginin makarantar mishan. Kowace unguwa ta kawo bulo, matan zumunta na coci suka ɗebo yashi a rafi. Kwas ɗaya ake yi, difloma ta shekara biyu a kan tafiyar da kasuwanci. Mu arba'in da ɗaya ne sahun farko, ni ce babba a ciki, yaran suna ce mini Maman Aji. Mun shiga shekara ta biyu. Amma takardar da za a ba mu ba za ta yi aiki a ko'ina ba sai hukumar tantance makarantu ta zo ta amince da kwalejin, kuma a watan Fabrairu za su zo. Baba Noah, shugaban ƙungiya, ya ce in suka ga mai digirin dakta a matsayin shugaban sashe, magana ta ƙare. Da aka sauko da kalandar ƙungiya aka duba hotunan 'ya'yan ƙasa, kai kaɗai ne karatunka ya shafi kasuwanci, tunda tattalin arzikin noma ka yi. Shi ne aka ce ni da nake 'yar'uwarka in rubuto.

Ba a ce ka bar aikinka ka dawo ba. Sunanka za a sa, da kwafin takardarka, ka riƙa duba mana darussa ta waya.

Ƙanwarka,
Lai'atu

*

Setapak, Kuala Lumpur,
24 ga Satumba, 2023

Ƙanwata Lai'atu,

Na gode da gaisuwa. Na tuna ki, na tuna shinkafar ma, ban ci mai daɗinta ba tun daga ranar, da gishirin da komai. Ubangiji ya ji ƙan mijinki. Ban ji labarin rasuwarsa ba, kuma ba zan ce laifin kowa ba ne, ni ne ba na tambaya. Lafiyata da sauƙi, sai tari da ke zuwa duk lokacin da ruwa ya yawaita, nan kuwa ruwa ba ya da wata.

Da na karanta wasiƙarki raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, ƙungiya ba ta taɓa aiko da ko gaisuwar Kirsimeti ba, sai yau da ake neman suna. Amma da na zauna na duba, ni ma ban taɓa aika mata da komai ba. Don haka mun yi kunnen doki, a bar wannan.

Aikin kwalejin abu ne mai kyau. Na san ginin, a ajin da ke kusa da mangwaro na koyi ABC. Kuma ke da kika koma aji da shekara arba'in da wani abu, kina zaune da sa'o'in ɗanki, na san abin da hakan yake ci a jiki. Kada ki bari dariyarsu ta dame ki.

Sai dai ki gaya wa Baba Noah ban dace da wannan kujera ba. Takardar da kuke nema ba zan iya turo ta ba. Kada a sa sunana. A nemi wani a Zariya ko Jos, akwai 'ya'yan maƙwabtanmu da suka yi karatu, ba dole sai ɗan ƙabila ba.

Abin da zan iya shi ne wannan: na haɗo miki bayanai shafi talatin a kan ƙa'idojin shugabanci da dabarun talla, na rubuta su da hannu cikin Turanci mai sauƙi. In darasinku ya zo ɗaya da su, ki raba wa 'yan ajinku. Wurin da na ja layi biyu, nan malamai suke son fito da tambaya.

Ki gaishe da yaran.

Yayanki,
Nahum

*

Kurmin Tsauni,
8 ga Oktoba, 2023

Yaya Dakta,

Gaisuwa da fatan tarin ya sauka. Ka riƙa shan citta da zuma, in akwai a can. Mu lafiya, Kindness ce ƙaramata ta yi zazzaɓi ta warke.

Bayanan nan sun zo kamar ka leƙa manhajarmu. Babi da babi suka bi abin da ake koya mana. Na kai an buga kwafi arba'in, har malaminmu ya karɓi ɗaya ya ɓoye a jaka kamar ba mu gani ba. A gwajin da aka yi mana, tambaya uku daga inda ka ja layi suka fito. Na ci sittin da takwas, ni da ban taɓa wuce hamsin ba.

Na kai wa Baba Noah wasiƙarka, na tarar da shi yana gasa gwiwa da ruwan zafi. Da na zo inda ka ce ba ka dace ba, ya yi dariya ya ce, "Halin uwarsa ne sak. Ita ma sai an roƙe ta sau uku take karɓar kujera a biki." Na ce, "Baba, ya ce ba zai iya turo takardar ba fa." Ya ce, "Ke kin taɓa ganin Dakta yana jefa takardarsa a waya, a zamanin nan na 'yan damfara? Zai aiko ta hannun mutum. Ki rubuta masa ki ce na ce ya daina shagwaɓa."

Saboda haka an riga an tura jerin malamai ga hukuma, sunanka ne a sama. An kuma rubuta shi a ƙofar ofishin sashe da farin fenti. Saura fom ɗin da na haɗo da wannan wasiƙa, ka sa hannu a shafi na biyu ka dawo da shi kafin ƙarshen Nuwamba.

Wani abu kuma, ban gaya wa kowa ba. Ƙungiyar manoman citta ta yankinmu za ta ɗauki mai kula da sito a watan Agusta, sun ce in na kawo difloma wurin nawa ne. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Lai'atu

*

Kurmin Tsauni,
19 ga Nuwamba, 2023

Yaya,

Ina fata lafiya. Mako shida ke nan. Waya tana nuna mini ka buɗe wasiƙata tun ranar da na turo. In na faɗi wani abu da bai dace ba, ka yi haƙuri, ban saba rubuta wa manya ba. In kuma jikin ne, ka sa wani ya sanar da mu. Baba Noah yana tare ni a ƙofar coci kowace Lahadi, har na fara fita ta ƙofar mawaƙa.

Lai'atu

*

Setapak,
26 ga Nuwamba, 2023

Lai'atu,

Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni ba, kuma ba ki faɗi komai ba. Na fara wannan wasiƙa sau biyar ina yagewa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, ba a gaban yara ba.

Ni ba Dakta ba ne. Ban taɓa zama ba.

A shekarar 2016 na shiga kare kundina na digirin dakta gaban malamai uku. Wanda aka gayyato daga waje ya ce bayanan da na tattara daga manoman citta ba su isa a gina komai a kansu ba. Na daɗe ina cewa ƙiyayya ce, don ni baƙar fata ne. Ba ƙiyayya ba ce. Da na je gida, mako uku na yi ina tattara abin da ya kamata in yi wata shida a kai, sauran lokacin na ɓata shi ina yawon gaishe-gaishe ana ce mini mai zuwa Malesiya. Mutumin ya yi gaskiya. Suka ba ni shekara ɗaya in gyara, a daidai lokacin tallafin karatuna ya ƙare. Na fara raka 'yan kasuwar Najeriya shagunan yadi a titin da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman, ina yi musu tafinta ina ɗaukar musu kaya. Na ce wata uku zan yi in koma kan kundin. Shekarar ta wuce, jami'a ta cire sunana, kuma tana da hujja.

Hoton da ke cikin kalanda, rigar digirin da na sa ba tawa ba ce. Ta Muhyiddeen ce, wani Bakano da muka yi zaman ɗaki ɗaya shekara uku. Ranar bikin yaye su, bayan an fito, ya cire rigar da hular ya ce, "Malam Nahum, zo ka sa a ɗauke ka, ka saba da nauyinta. Baɗi taka ce in sha Allahu." Haka ɗalibai suke yi a nan, kowa ya sa rigar abokinsa a yi dariya. Bai yi da wata manufa ba. Ni ne na tura wa Mama hoton ta wayar Fasto, ban rubuta komai a ƙarƙashinsa ba. Ban ce na gama ba, amma na san abin da za ta gani.

Ranar Lahadi Fasto ya kira ni ya ce in saurara. Ina jin ganguna, ina jin muryar Mama tana jan waƙar godiya, an ce ta wanko hoton babba tana rawa da shi zuwa gaban bagadi. Ya miƙa mata wayar tana haki ta ce, "Dakta na, ka ci abinci?" Na ce na ci. A nan ya kamata in faɗa. Na ce bari murnar ta lafa. Da ta lafa kuma an riga an buga kalanda.

Da ta rasu na ce muku biza ce ta hana ni zuwa. Takarduna lafiya suke a lokacin. An turo mini tsarin jana'iza na ga an rubuta Dakta Nahum zai yi jawabi a madadin iyali, na kasa. Na bar uwata aka binne ta ba ni, don kada in tsaya a bakin kabarinta a kira ni da sunan da ba nawa ba. Wannan ban taɓa gaya wa ko da mutum ɗaya ba.

Bayanan da na turo miki kuwa, ba leƙa manhajarku na yi ba. Na ajinmu ne. Ni ma difloma ta shekara biyu nake yi a kan tafiyar da kasuwanci, a wata ƙaramar kwaleji da ke saman jerin shaguna a nan Setapak. Mai shagon da nake wa aiki, Encik Imran, yana so ya ba ni kula da sashen aika kaya Afirka. Ya ce, "Nahum, kai ka san kowane yadi da ido a rufe, amma digirinka na gona ne. Ba takardar kasuwanci, ba boleh lah." Wato ba zai yiwu ba. Shi ne na shiga. Shekarata hamsin da biyu. Yaran ajin suna ce mini Ankul, malamar ma Ankul take ce mini, ba ta kai talatin ba. In an tashi suna tafiya mamak, wato shagon mai shayi, ni in sayi abincina a ƙunshe in hau bas. Darasin da kika ci sittin da takwas, ni sittin da ɗaya na ci.

Ba zan sa hannu a fom ɗin ba. Bara waccan aka rufe wata kwaleji a kan hanyar da bas ɗina yake bi, saboda an gano rabin malamanta a takarda kawai suke. Na ga ɗaliban zaune a kan jakunkunansu a bakin ƙofa. Wata yarinya 'yar Jos, Purity, saura mata zango ɗaya ta gama, ta nuna mini sakamakonta ta ce, "Ankul, wannan zan iya nuna shi a gida?" Na ce mata ban sani ba. Na sani.

Ki kai wa Baba Noah wannan ya karanta da kansa. A cire sunana daga jerin, a goge na jikin ƙofa.

Nahum

*

Kurmin Tsauni,
10 ga Disamba, 2023

Nahum,

Muna lafiya. Ban san da wane suna zan kira ka ba, shi ya sa na rubuta haka.

Ni na yi jinyar Mama watanninta uku na ƙarshe, ni da matar Fasto. Ta sa mun cire hoton daga falo mun kafa shi a bangon da ke fuskantar gadonta. In nas ta zo yi mata allura sai ta nuna ta ce, "Ki yi a hankali, ɗana ma Dakta ne." Kwana biyu kafin ta cika ta ce kada a matsa maka ka zo, aikinka babba ne. Ban rubuta wannan don in ƙona maka rai ba. Ko kuwa don haka na rubuta, ban sani ba. Na yi kwana uku ban iya cin abinci ba.

Na sa an buga wasiƙar, na kai wa Baba Noah. Ya karanta sau biyu, ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin cinyarsa. Ya ce, "Wa ya gani ban da ke?" Na ce babu. Ya ce, "To babu ɗin ne." Na ce, "Baba, ba shi da takardar fa." Ya ce, "Hukuma za ta hau jirgi ta je Malesiya ne? Akwai mai kwamfuta a birni da zai yi mana takarda har da hatimi. Shi dai ya sa hannu. Shekara bakwai yana cin sunan a banza, yau ya ci shi don mutanensa." Ya ce in an cire sunanka yanzu, hukuma za ta ɗage zuwanta sai wata shekara, iyaye za su janye yaransu, matan da suka ɗebo yashi za su ce an yaudare su.

Yanzu ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Na tsani abin da ka yi, amma ina so ka sa hannu. Na koya wa 'ya'yana kada su ɗauki ko allurar wani, ga ni yau ina roƙon babban mutum ya yi ƙarya. Gonata ta mutu. Aikin siton nan ba zai jira ni shekara ba, akwai ɗan'uwan ma'ajin ƙungiyar manoman yana nan yana shawagi da takardarsa a hannu. Ka yi wa Mama ƙarya don ta ji daɗi, ka bar ta ta tafi da ita. Ni me ya sa gaskiyarka sai a kaina za ta fara?

Hukuma ta ƙara mana wa'adin fom zuwa ƙarshen wata.

Lai'atu

*

Setapak,
17 ga Disamba, 2023

Ƙanwata Lai'atu,

Na gode da kika gaya mini maganar gadon. Gara in sani. Kuma na gode da jinyar da kika yi, wadda ni ya kamata in yi.

Tambayarki ba ni da amsarta mai kyau. Gaskiya ne a kanki abin ya faɗo, ke da ba ki ci komai a ciki ba, kuma ba daidai ba ne. Na ɗauki biro na ajiye a kan layin sa hannun nan fiye da sau ɗaya. Abin da ya hana ni ba tsarki ba ne, kin riga kin san ba ni da shi. Jami'ar nan tana da shafi da kowa zai iya shiga ya buga suna ya ga ko mutum ya gama. Minti biyu ne. In ba a duba bana ba, za a duba ranar da wani ya yi faɗa da Baba Noah, ko ranar da ɗan'uwan ma'ajin yake son kujerarki. A ranar ba ɗage ziyara za a yi ba, rufe kwalejin za a yi, takardunku arba'in da ɗaya su zama abin ƙunshe ƙosai.

Ban ga laifin Baba Noah sosai ba. Tsoho ne da ya ga ginin ya tashi daga kango, yana tsoron ya mutu a hannunsa. Amma ki gaya masa in watan Janairu ya kama sunana yana cikin jerin, ni da kaina zan rubuta wa hukuma. Ba barazana ba ce, don kada ya ce ban faɗa ba.

Na haɗo wata gajeriyar takarda zuwa ga taron ƙungiya na shekara, na ranar ashirin da bakwai. Sakatare ya karanta ta a fili. Ba na so a ce Baba Noah ne ya kasa, ko ke ce kika ɓata tsakani. A san daga inda abin ya fito.

Ba na neman ki yafe.

Nahum

*

Kurmin Tsauni,
14 ga Janairu, 2024

Yaya Nahum,

Barka da sabuwar shekara. Yara lafiya. Ni ma ga ni nan.

An yi taron a filin makaranta, mutanen Kaduna da Abuja duk sun zo gida hutu, an fi ɗari huɗu. Na ba sakatare takardarka tun da safe. Ya leƙa ya dawo mini da ita ya ce ba ta cikin ajanda. Na duba wajen Baba Noah, ya kau da kai. Da aka zo wurin da ake cewa ko akwai wata magana, ban san lokacin da na miƙe ba. Har yanzu ban san ko don gaskiya na tashi ba ko don haushinka. Na karanta da Hausa, na maimaita da yare saboda tsofaffi.

Da na gama sai wani daga baya ya ce, "To akuyar da muka ci ranar godiya fa, amai za mu yi?" Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya rufe baki. Wani lauya ɗan Unguwar Rafi ya ce Allah ya taimake mu da ba a kai ga buga takardar digiri ta jabu ba, da har shugabanni sai sun amsa tambaya. Matar Fasto ta tashi ta fita tana kuka. Baba Noah ya ce a rubuta an cire sunan, ya rufe taro ba a yi addu'ar ƙarshe ba. Tun ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa wanda ke bayana.

Hukuma ta ɗage zuwanta sai baɗi. Ɗalibai goma sha uku sun tafi. Aikin sito an ba ɗan'uwan ma'aji tun kafin lokaci. Na fara soya doya a bakin tasha da yamma, da safe ina zuwa aji. A kasuwa mata suna ce mini ƙanwar Dakta, suna jan kalmar.

Ba na so ka sake rubuto mini haƙuri. Abu biyu nake so. Na farko, digirinka na biyu na gaske ne? In na gaske ne ka faɗa, domin lauyan ya ce hukuma ba ta taɓa cewa dole sai Dakta ba, Baba Noah ne ya so a burge su. Mai digiri na biyu ya isa, amma wanda yake nan da jikinsa yana shiga aji. Ban ce za su karɓe ka ba. Da yawa ba sa son jin sunanka.

Na biyu, kai ka rubuta takarda kana zaune a ɗakinka, ni na tsaya na ga fuskokin. Wannan tsayuwar taka ce, na riƙe maka ne kawai. Ka zo ka karɓa.

Ƙanwarka,
Lai'atu

*

Setapak,
28 ga Janairu, 2024

Ƙanwata Lai'atu,

Na samu wasiƙarki. Lafiyata lau. Ki gaishe da yaran, ki kuma riƙa kula da man doyar nan, kada ya fallatsar miki a ido.

Digiri na biyu na gaske ne. Zan turo lambarsa, lauyan ya bincika da kansa, kada ya yarda da bakina.

Jarrabawarmu ta ƙarshe tana ƙarewa ranar sha huɗu ga Yuni. Ina so in zauna ta, domin ban taɓa gama abin da na fara a ƙasar nan ba. Jiya na gaya wa Encik Imran ya nemi wani ya ba shi sashen Afirka. Ya dube ni ya ce, "Shekara biyu kana hawa benen kwalejin nan da gwiwar tsufa don kujerar nan, yanzu na miƙo ka ce a'a?" Na ba shi labarin duka. Da na gama sai ya ce in ninke yadin da ke gabana da kyau tunda har yanzu ma'aikacinsa ne ni.

Zan sauka Abuja ranar ashirin ga Yuni, in kwana, in hau motar gida. Kada kowa ya zo tarya. Ki nuna mini kabarin Mama kawai, ban san inda yake ba. Daga nan zan bi gida gida, in fara da matar Fasto. Ko za a bar ni in shiga aji, wannan na ƙungiya ne, in sun ce a'a ba zan yi gardama ba.

Tsoro nake ji, Lai'atu, irin wanda ban ji ba ko a gaban malaman nan uku. Ki gaya wa Baba Noah ya daina huce haushinsa a kanki. Duk abin da yake da shi na faɗa ya ajiye mini, ina zuwa in ji da kunnena.

Yayanki,
Nahum